Raino, Wahalar Ƙuruciya da Ginuwar Ƙwaƙwalwar Yaro: Abin da Bincike Ya Nuna da Abin da Ya Shafi Arewacin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da masu bincike suka gano game da yadda wahalar ƙuruciya da irin rainon da yaro ya samu suke shafar ginuwar ƙwaƙwalwarsa, sannan ta auna hakan da halin da yara suke ciki a unguwannin da ke arewacin Kogin Kaduna. Hujjar maƙalar ita ce, babban abin da yake kare ƙwaƙwalwar yaro a lokacin yunwa ko tashin hankali shi ne samun babba tsayayye wanda yake kula shi, yake amsa masa, kuma ba ya ɓacewa. Gidan Bahaushe ya daɗe yana samar da wannan mutum. Abin da ya kamata hukuma ta yi shi ne ta ƙarfafa shi a inda yake, maimakon ta gina katanga ta tara yara a ciki.

1.0 Gabatarwa

Rikicin Fabrairu da Mayun 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwamban 2002, sun sake zana taswirar Kaduna. Iyalai da yawa sun tsallaka kogi, Musulmi suka fi taruwa a arewa, Kirista a kudu. Unguwanni irin su Rigasa, Tudun Wada, Kawo da Hayin Banki sun cika sun batse. Jariran da aka goya ana gudu da su a wancan lokaci, yau su ne suke aure suna haihuwa. Kafin wannan miki ya warke kuma sai ga wani: mutanen ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa, Igabi da Chikun da 'yan bindiga suka tasa suna shigowa gari, suna raɓewa a gidajen 'yan'uwa da kangaye.

Duk lokacin da irin wannan ta faru muna ƙirga gawawwaki da gidajen da aka ƙona. Jaririn da ke bayan uwarsa kuwa, abin da ake faɗi a kansa bai wuce "ai yaro ne, bai san komai ba, zai manta." Gaskiya ne ba zai iya ba da labari ba. Amma binciken da zan kawo ya nuna cewa jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suna riƙe abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba. Ya kuma nuna wani abu mai sanyaya zuciya: yawancin ɓarnar tana da magani idan an yi da wuri, kuma maganin ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

2.0 Yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa

Ana haihuwar yaro da ƙwaƙwalwar da ba ta gama haɗuwa ba. Kafin ya cika shekara 3 girmanta ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na ta babba. A waɗannan shekaru ƙwayoyin jijiya suna ƙulla mahaɗai a tsakaninsu da sauri mai ban mamaki. Cibiyar Nazarin Girman Yara ta Jami'ar Harvard, wadda Jack Shonkoff ya kafa, ta ƙiyasta fiye da mahaɗa miliyan 1 a kowace daƙiƙa. Daga baya sai ƙwaƙwalwa ta yi tankaɗe: mahaɗan da ake amfani da su su yi ƙarfi, waɗanda aka bari su shuɗe. Abin da yake sa a yi amfani da su shi ne mu'amala. Jariri ya yi gwaranci, a amsa masa. Ya miƙa hannu, a ɗauke shi. Ya kalli abu, a faɗa masa sunansa.

Akwai kuma tsarin da jiki yake fuskantar tsoro da shi. Idan yaro ya firgita, jikinsa yana sakin sinadarin kotizol, zuciya ta ƙara bugu. Wannan ba aibu ba ne, haka Allah ya tsara don kariya. Matsala tana zuwa ne idan firgicin ya ɗore, babu mai kwantar da shi. Megan Gunnar ta Jami'ar Minnesota ta nuna cewa ƙananan yaran da suka aminta da mai rainonsu, idan abin tsoro ya same su yana kusa, kotizol ɗinsu ba ya tashi kamar na waɗanda ba su da wannan aminci, ko da kuwa duk sun yi kuka. A Jami'ar McGill ta Kanada, Michael Meaney da abokan aikinsa sun buga sakamako a 2004 cewa 'ya'yan ɓeran da uwarsu take yawan lasarsu suna girma da tsarin firgici mai natsuwa, kuma canjin yana faruwa ne a yadda ƙwayoyin gado suke aiki. Da aka musanya 'ya'yan, sai suka bi halin wadda ta raine su, ba wadda ta haife su ba. Ɓera ba mutum ba ne, amma wannan gwaji ya buɗe ƙofar tambayar da aka amsa a kan mutane a Romaniya.

3.0 Darasin Romaniya

A 1966 gwamnatin Nicolae Ceaușescu ta haramta zubar da ciki, ta matsa wa mata su yi ta haihuwa, alhali talauci ya yi katutu. Iyaye da yawa suka miƙa 'ya'yansu ga gidajen marayu na gwamnati. Da mulkinsa ya faɗi a Disamban 1989, duniya ta ga dubban yara kwance a gadaje jere-jere. Ana ba su abinci a kan lokaci, ana sauya musu tsumma a kan lokaci, amma ma'aikaciya ɗaya tana kula da yara fiye da 10, kuma ma'aikatan suna sauyawa. Ɗakunan shiru suke, domin jariran sun gane kuka ba ya kawo kowa.

A 2000 masana uku daga Amurka, Charles Nelson, Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bincike a birnin Bukares. Sun ɗauki yara 136 'yan wata 6 zuwa 31 daga waɗannan gidaje. Da ƙuri'a aka raba su: 68 aka kai su riƙo a gidajen iyalai da aka horar kuma ake tallafa wa, 68 suka ci gaba da zama yadda suke. An kuma ɗauki wasu yaran da suke gaban iyayensu don kwatantawa. Amfanin ƙuri'ar shi ne, duk bambancin da aka gani daga baya ba za a ce gado ne ko halitta ba, raino ne.

Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2007 ya nuna cewa a wata 54, matsakaicin makin kaifin basira na waɗanda suka zauna a gidan marayu 73 ne, na waɗanda aka kai riƙo 81, na yaran gida kuma 109. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2 sun fi samun ci gaba. Na'urar EEG, mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, ta nuna cewa a shekara 8 waɗanda aka kai riƙo da wuri sun yi daidai da yaran gida, waɗanda aka makara da su kuwa ba su kai ba. Hoton MRI ya nuna raguwar ɓangaren ƙwaƙwalwa mai launin toka a duk yaran da suka taɓa zaman gidan marayu, amma farin ɓangarenta, wato hanyoyin da saƙo yake bi, ya farfaɗo a waɗanda aka ba iyali.

Akwai wani sakamako na wannan bincike da nake ganin ya fi kowanne shafarmu, kuma ba a cika ambatonsa ba. Da yaran suka kai shekara 12, aka gano cewa waɗanda suka dawwama a gidan riƙo ɗaya sun fi lafiyar hankali nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi ta sauya musu gida. Ke nan ba shiga gida kawai ake buƙata ba. Zama a hannu ɗaya shi ne magana.

A Ingila ma, Michael Rutter ya jagoranci bin diddigin yaran Romaniya 165 da iyalan Turawa suka ɗauka. Waɗanda suka bar gidan marayu kafin wata 6 sun tashi kusan kamar kowa. Waɗanda suka wuce haka, da yawansu sun girma da matsalar natsuwa da ta mu'amala. A 2020 aka buga hoton ƙwaƙwalwar wasu daga cikinsu bayan sun zama manya, aka samu girmanta ya gaza na abokan kwatancensu da kashi 8.6 cikin 100, duk da shekaru fiye da 20 na jin daɗi.

4.0 Gidan Bahaushe a ma'aunin bincike

Wani zai ce wannan duk labarin Turawa ne, kuma ra'ayin cewa yaro yana buƙatar uwa ɗaya tak ba ya dacewa da gidan da yake da kishiyoyi, kakanni da yayye. Wannan ƙorafi yana da tushe, amma binciken kansa ya amsa shi. Mary Ainsworth, wadda ta kafa harsashin nazarin shaƙuwar jariri da mai raino, a Yuganda ta fara aikinta a 1954. A ƙasar Hausa kuma, Robert Marvin tare da Robert da Sarah LeVine da abokan aikinsu sun buga nazari a 1977 a kan jarirai 18 a gidaje masu mata fiye da ɗaya. Sun samu cewa kowane jariri ya shaƙu da mutum 3 ko 4, amma akwai guda ɗaya da ya fi komawa wurinta idan ya ji tsoro, kuma ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da kula shi, ko uwarsa ce ko ba ita ba. Sun kuma lura ba a barin jariri yana kuka. Nan da nan wani hannu zai kai gare shi.

Wannan ya warware wani abu da yake ɗaure wa baƙi kai, wato kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Wanda ya karanta littattafan Turai kawai zai ce yaron nan ya shiga uku. Amma al'adar ba ta bar gurbin a buɗe ba: kaka tana nan, goggo tana nan, abokiyar zama tana nan. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, cike yake da bayanin yadda ake ba da riƙo da yadda ake kai yaro yaye wurin kakarsa. Goyo kansa yana haɗa ɗumin jiki, motsi da jin muryar babba tun safe har dare, abubuwan da jariran Bukares suka rasa gaba ɗaya.

Damuwata ita ce wannan tsari ya ginu ne a kan babban gida, kuma babban gida yana rushewa a birni. Amaryar da aka kai ɗaki ɗaya na haya a Rigasa ko Hayin Banki, uwarta tana Giwa, surukarta tana Soba, idan ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya mata, wa zai yi wa yaron wasa? Haka yaye. Kai yaro wurin kakar da yake gani kullum daban, ɗaukarsa dare ɗaya a kai shi garin da bai san kowa ba daban. Al'adar ta zo birni, amma mutanen da suke sa ta yi aiki an baro su a ƙauye.

Mutuwar aure ta fi wannan ciwo. Abin da aka saba gani shi ne, da an yaye yaro sai uba ya karɓe abinsa, daga hannun matar uba zuwa na goggo, daga nan zuwa wani gari. Abin mamaki, fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi ya ba uwa haƙƙin raino har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin miji, kuma idan haƙƙin uwa ya faɗi, kaka ta wajen uwa ce a gaba. Malaman da suka tsara wannan ba su ga hoton ƙwaƙwalwa ba, amma hukuncinsu ya yi daidai da abin da aka gano a Bukares game da dawwama a hannu ɗaya. Mu ne muka fifita "ɗana ne" a kan maslahar ɗan.

5.0 Rashi da barazana a Kaduna

Katie McLaughlin da Margaret Sheridan sun ba da shawara a 2014 cewa a raba wahalar ƙuruciya gida biyu, domin ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai rashi, wato yaro ya rasa abinci, magana, wasa da kulawa. Wannan ya fi taɓa harshe da tunani. Akwai barazana, wato duka, cin zarafi da ganin tashin hankali. Wannan ya fi taɓa sassan da suke kula da tsoro da fushi. Yaranmu da yawa suna ɗauke da duka biyun.

Ta fuskar rashi, Binciken Lafiya da Ƙidayar Jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma kashi 57. An daɗe ana kallon wannan a matsayin matsalar abinci kaɗai. Binciken Sally Grantham-McGregor a birnin Kingston na Jamaika ya nuna ba haka ba ne. A 1986 da 1987 ta ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako na shekara 2, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Amfanin madarar ya dushe da tafiyar shekaru. Amfanin wasan bai dushe ba: bayan shekara 20 aka samu waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100. An maimaita irin wannan a lardin Sindh na Pakistan, inda Aisha Yousafzai ta yi amfani da ma'aikatan lafiya mata na gwamnati, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2014. Ba ina rage darajar abinci ba ne. Yaron da tamowa ta kama, abinci da magani ne farko. Amma uwar da ta karɓi abincin a asibitin Yusuf Ɗantsoho ko na Kawo ta koma gida ba wanda ya ce mata ta yi wa yaron magana, an yi mata rabin aiki.

A nan dole a ambaci uwar kanta. Matar da aka kashe mijinta a gona, ko ta kwana a daji da goyo, ba za ta iya amsa gwarancin jariri yadda ya kamata ba, kuma ba laifinta ba ne. Atif Rahman ya nuna a yankin Rawalpindi a 2008 cewa ma'aikatan lafiya na unguwa, da ɗan horo, suna iya rage ciwon damuwa na masu jego sosai. Duk shirin da ya tsallake uwa ya nufi yaro, ya bar hanya.

Ta fuskar barazana, Kaduna ba ta buƙatar misali daga waje. A Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa da ake kai kangararru, wasu da mari a ƙafa da tabon duka. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna neman gyara. A Disamban 2023 harin jirgi marar matuƙi ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri, yara na cikin waɗanda suka mutu da waɗanda suka gani. A Maris ɗin 2024 aka kwashi 'yan makaranta a Kuriga. Binciken Vincent Felitti da Robert Anda da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa manyan da suka fuskanci nau'i 4 ko fiye na wahala suna yara sun ninka wasu sau 4 zuwa 12 a haɗarin shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai. Idan muka ga matashi ya faɗa ƙwaya ko sara-suka, muna tambayar wa ya lalata shi. Ya kamata mu riƙa tambayar me ya same shi yana ƙarami, kuma wa yake tare da shi a lokacin. Ɗaure shi da duka ƙari ne a kan ciwon da ya kawo shi.

Batun almajirai yana buƙatar adalci. Ba daidai ba ne a ɗauko sakamakon jariran Romaniya a ɗora wa yaro ɗan shekara 10 da ke tsangaya. Kathryn Whetten ta Jami'ar Duke ta buga bincike a 2009 a kan marayu 'yan shekara 6 zuwa 12 a ƙasashe 5, ciki har da Habasha, Kenya da Tanzaniya, ta samu waɗanda ke gidajen kula da yara ba su gaza waɗanda ke hannun dangi ba. Ingancin kulawar ne ya bambanta su, ba sunan wurin ba. Saboda haka tambayar da za a yi wa kowace tsangaya ita ce shekarun yaron nawa, waye babban da ya san sunansa da ciwonsa, ina yake kwana, kuma yaushe rabonsa da iyayensa. Ɗan shekara 5 da aka sauke a tashar Kawo aka haɗa shi da yara 100 a hannun malami ɗaya, ya faɗa cikin rashi da barazana a lokaci guda, ko da malamin mutumin kirki ne.

6.0 Abin da ya rage mana

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF da Bankin Duniya sun fitar da tsarin kula da ƙananan yara wanda ya sa amsa wa yaro a sahu ɗaya da abinci da rigakafi. A shekarar ce kuma Jihar Kaduna ta yi dokar kare haƙƙin yara. Takarda dai akwai. Abin da nake roƙo shi ne a shigar da koyar da wasa da hira da jariri, da tambayar lafiyar zuciyar uwa, cikin aikin awo da rigakafi a ƙananan asibitocinmu, domin nan ne matan Rigasa da Unguwar Mu'azu suke zuwa da ƙafarsu. Kuɗin da masu hali suke warewa don gina gidan marayu, ya fi amfani a ba kaka ko goggon da ta riga ta rungumi maraya, a riƙa bibiyarta. Alƙalan kotunan shari'a da limamai su riƙa faɗa wa iyaye maza hukuncin raino ƙarara.

Sai aikin da ya hau kanmu masu bincike. A Gambiya, masana daga Ingila tare da cibiyar binciken lafiya da ke ƙauyen Keneba sun auna aikin ƙwaƙwalwar jarirai da wata hula mai amfani da haske, tun suna 'yan makonni, suna binsu suna girma. Idan an yi a Keneba, babu dalilin da zai hana a yi a Kaduna. Muna da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Jami'ar Jihar Kaduna a arewacin kogi, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ina kira ga waɗannan cibiyoyi su haɗa hannu su ɗauki jarirai daga unguwannin arewa da kudancin kogi, har da 'ya'yan 'yan gudun hijira, su bi su daga haihuwa zuwa shiga makaranta, da gwaje-gwajen da aka tsara cikin Hausa, kuma a rubuta waye yake riƙe da kowane yaro da sau nawa aka sauya masa hannu.